Igiyar Tamimud Dari: Tarihin Haskaka Masallatai Masu Dogon Rufi

  

Ya ƴan'uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ƙaramin abu ne a ido. A makon da ya wuce, bayan sallar Asuba, na juyo sai na ga wani dattijo daga cikin waɗanda ba a rasa su a sahun farko, ya ɗora Alƙur'ani a cinya, ya riƙe salula da hannun hagu yana haska shafin da tocilarta. Kuma ba a ɗauke wuta ba a lokacin. Ƙwayayen lantarki suna ci can cikin ƙoƙon ƙubba, sun haskaka siminti da fenti tas, amma mai karatun yana cikin duhu-duhu. Na ji kunya ƙwarai, domin a daidai wannan lokaci kwamitin masallacinmu yana tara kuɗin sayen surayya, wato babbar fitilar nan mai rassa da ƙyalƙyali, wadda za a maƙala a wannan ƙoƙon ƙubbar dai. Na san ba mu kaɗai ba ne. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, an ɗaga rufin masallatai, fitila kuma ta bi rufi ta tafi. Kafin mu kashe dukiyar jama'a, ina so ku ji yadda magabata suka yi da wannan matsala, domin ta girme mu da shekaru sama da 1300.

Masallacin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya gina a Madina bai san ta ba, saboda ba shi da dogon rufi. Bangonsa tubalin ƙasa, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa rassan dabino. In an yi ruwa yana zuba, har Abu Sa'idil Khudri ya ba da labarin safiyar da ya ga alamar ruwa da taɓo a goshin Manzo bayan sujada. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta bayyana cewa gidajen wancan zamani babu fitilu a cikinsu, shi ya sa in Manzo zai yi sujada a sallar dare sai ya taɓa ta ta janye ƙafafunta. Masallaci kuwa in duhu ya yi busassun rassan dabino ake kunnawa. Wanda ya yi karatun allo a gindin wutar kara, kamar yadda muka yi, ya san irin wannan haske: ya tashi bal, ya mutu, hayaƙi ya cika ido, a tura ƙaramin almajiri ya ƙaro kara.

A shekara ta 9 bayan Hijira Tamimud Dari ya zo Madina ya musulunta. Mutumin Falasɗinu ne, da Kirista ne, ya san yadda ake haskaka dogayen gine-ginen Sham. Ibnu Majah ya ruwaito cewa shi ne farkon wanda ya kunna fitila a masallaci, Imam Ƙurɗubi kuma a tafsirin Suratun Nur ya kawo labarin da faɗi. Abu uku Tamimu ya ɗauko daga Sham: fitilun ratayewa, da man zaitun, da igiya. Ya iso a daren Juma'a, ya umarci yaronsa ya ɗaura igiyoyin, ya rataye fitilun, ya zuba ruwa da mai a cikinsu, ya sa lagwani. Da rana ta faɗi aka kunna, Manzo ya fito ya ga masallaci yana haske, ya yi wa Tamimu addu'a. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan ruwaya, saboda haka ba na gina hukunci a kanta. Amma bayanin aikin da ke cikinta daidai yake da yadda aka kunna fitilun masallatai ƙarni bayan ƙarni. Ruwan da ake zubawa a ƙasa yana ɗago man zuwa bakin fitila, yana hana gilashi fashewa don zafi, in mai ya ƙare kuma lagwani ya mutu a ruwa. Igiyar ita ce nake so ku riƙe. Ita ke tsayar da fitila inda mutane suke, ita kuma ke ba da damar a kai gare ta a ƙara mata mai.

A zamanin Sayyidina Umar, shekara ta 14, aka tara mutane a sallar Tarawihi bayan liman ɗaya. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Ubayyu ɗan Ka'abu da Tamimun nan dai su Umar ya umarta su ja mutane. Tsayuwar dare ta yi tsawo, fitilu suka yawaita, har aka ruwaito cewa Sayyidina Aliyu ya wuce masallatai suna haske a Ramadan ya roƙa wa Umar hasken kabari.

Rufi ya fara tashi ne a zamanin Banu Umayya. Abdulmalik ɗan Marwan ya gina Ƙubbatus Sakhra a Ƙudus, a shekara ta 72, ƙubba mai faɗin kusan mita 20. Ɗansa Walidu ya gina babban masallacin Dimashƙu, ya sa Umar ɗan Abdul'aziz ya sake ginin masallacin Manzo tsakanin shekara ta 88 da ta 91. Daga nan magina suka raba matsalar gida biyu. Ta rana sun warware ta da tagogi a wuyan ƙubba, inda haske ke shigowa daga sama ya bazu ba tare da ya soki idon mai salla ba. Ƙubbatus Sakhra tana da irin waɗannan tagogi 16 a wuyanta. A Ƙurɗuba ta Andalus, da Halifa Hakamu na biyu ya faɗaɗa masallaci bayan shekarar 961 ta Miladiyya, sahu ya yi nisa da tsakar gida, gaba ta yi duhu, sai aka ɗaga ƙananan ƙubbobi masu tagogi a wajen mihrabi don hasken rana ya faɗo. Ta dare kuwa igiya ce ta zama sarƙa, sarƙa ta yi ta ƙara tsawo gwargwadon yadda rufi ya ƙara nisa. Fitila ba ta bar inda take ba, ɗan sama da kan mutum.

Dalilin haka lissafi ne da kowa zai iya gwadawa a ɗakinsa. In ka ninka nisan fitila daga takarda sau biyu, ba rabin haske za ka samu ba, rubu'i za ka samu. In ka ninka sau uku, kashi ɗaya cikin tara. Ƙwan da ke mita 3 daga shafin Alƙur'ani, in ka mai da shi mita 9, sai ka sayi tara irinsa kafin dattijon nan ya ga wasalin da yake gani da ɗaya. Magabata da man zaitun suke biyan wannan lissafi, shi ya sa ba su yi wasa da shi ba.

Ba ina nufin ba su yi manyan fitilu ba. Sun yi, har sun zarce mu. A masallacin Ƙarawiyyin na Fas akwai surayya ta tagulla da aka ƙera a farkon ƙarni na 13 na Miladiyya, zamanin Muwahhidai, wadda ke ɗaukar ƙananan fitilu sama da 500, tana nan har yau. Ta babban masallacin Taza, wadda aka yi a 1294, tana ɗaukar 514. To amma ku ji abin da ya biyo baya: man da ta Fas ke sha ya yi yawa, har ya zama ba a kunna ta gaba ɗaya sai a wasu darare na Ramadan. Sauran kwanakin shekara ƙananan fitilun da ke rataye tsakanin ginshiƙai su ne ke yi wa masu salla aiki. Malamai ma ba su yi shiru ba. Ibnul Hajj, malamin Malikiyya ɗan asalin Fas wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 737, ya yi kakkausan inkari a littafinsa Al-Madkhal a kan yawaita fitilu fiye da buƙata a dararen bukukuwa, yana ganin almubazzaranci ne da dukiyar waƙafi. Wannan littafi ba baƙo ba ne a ƙasarmu, domin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗebo daga cikinsa da yawa a Ihya'us Sunna.

Wanda Allah Ya kai Alƙahira ya shiga masallacin Sarki Hasan, wanda aka fara gininsa a 1356. Rumfar alƙiblarsa baka ce guda ɗaya, mai tsawon da sai ka ɗaga kai hula ta nemi faɗuwa. Daga can ƙololuwa sarƙoƙi suke zubowa jere-jere, sirara, dogaye, har kusa da kan masu salla. A bakinsu aka rataye fitilun gilashi masu ado, da yawansu an rubuta musu ayar haske ta Suratun Nur a wuya, ta yadda in an kunna rubutun ya fito. Yawancin na asalin suna gidan adana kayan tarihin Musulunci na birnin yanzu.

Inda na fi jin daɗin tsayawa shi ne Istanbul. Magini Sinan ya gina wa Sarki Sulaiman masallacin Sulaimaniyya tsakanin 1550 da 1557. Tsawon ƙubbarsa daga ƙasa mita 53 ne, kusan ninki biyu na hasumiyar Agadas, da tagogi 32 kewaye da wuyanta. Mutumin da ya iya ɗaga dutse zuwa wannan nisa, da ya zo maganar fitila sai ya sauko da ita ƙasa. Manyan zobba na ƙarfe aka rataye da dogayen sarƙoƙi, aka jera musu ƙananan fitilun mai, suna shawagi kaɗan sama da kan mutane. Da dare sai ya zama kamar an shimfiɗa wani rufi na biyu, na haske, ƙasa da na dutse. Mai karatu yana ganin shafinsa, ɗan hasken da ya tsere sama kuma ya ishi ƙubba ta nuna siffarta.

Ɗaruruwan fitilun mai suna haifar da hayaƙi, hayaƙi kuma shi ke baƙanta rufi. Sinan ya tsara ginin ta yadda iska ke jan hayaƙin zuwa wani ɗan ɗaki da ke saman babbar ƙofa. Can kunkunniya ke taruwa a bango, a kankare ta a haɗa tawada. Da na fara jin wannan sai na tuna mu ma da baƙin tukunya da ƙaro muke haɗa tawadar allo. Ashe hannun almajirin Gobir da na marubucin Istanbul abu ɗaya suke tsomawa. Tsakanin fitilun kuma ana rataye ƙwan jimina, wanda suke cewa yana korar gizo-gizo, a wasu masallatan kuma ana sa wani mulmulallen abu mai santsi a jikin sarƙa don ɓera ya zame kada ya kai ga mai.

Duk wannan ba ya tafiya sai da mutum. Takardun waƙafin manyan masallatan Masar da na Turkawa suna ambaton man da za a saya, da albashin mai kunna fitila, kamar yadda suke ambaton na liman da ladan. Shi ke sauke fitilu, ya wanke gilashi, ya yanke lagwani, ya kunna a Magariba, ya kashe bayan Isha'i, ya dawo kafin Asuba. Abu Dawuda ya kawo wata ruwaya, ita ma an yi magana a kan isnadinta, mai kwaɗaitar da wanda bai iya zuwa Baitil Maƙdis ba ya aika da man da za a kunna fitilunsa, kuma Musulmi sun daɗe suna ɗaukar man fitila a matsayin sadaka mai gudana. Aikin yana da haɗari. A daren farko na Ramadan, shekara ta 654, wani ma'aikacin masallacin Manzo ya shiga ɗakin ajiya da wuta a hannu don ya ɗauko fitilu, wutar ta kama kayan da ke ciki, ta haye rufi, rufin masallacin ya ƙone. Dama Manzo ya yi umarni a kashe fitilu lokacin barci, ya kuma ambaci ɓera da ke jan lagwani ya ƙone gida. Gobarar tamu ta yau daga wayar lantarki marar kyau take zuwa, wadda aka binne cikin silin ba wanda ya sake dubawa.

Mu dawo gida. Kada wani ya zaci dogon rufi daga waje ya zo mana. Azarar giginya ba ta haye fili mai faɗi ita kaɗai; in tazara ta wuce kamar mita 2 nauyin ƙasa yana lanƙwasa ta. Sai maginanmu suka koyi jera azara suna tura ta gaba kaɗan-kaɗan daga bango biyu, suna ɗaurewa, suna yaɓewa, har ta haɗu a tsakiya ta zama bakan gizo. In bakuna suka gicciye juna suka ɗauki tulluwa, shi ne daurin guga. Da wannan hikima Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da ita aka yi soraye a fadar Damagaram. Da ita kuma Falke Barmu ya yi masallacin Yama a jihar Tawa: ya fara shi a 1962, a 1975 ya sake rufin da bakuna da tulluwa, daga baya ya ƙara hasumiyoyi huɗu, har ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Mutanen Agadas su wata hanya suka bi. Tsawon duka suka ba hasumiya, mita 27, cikin masallacin kuwa suka bar shi gajere.

Yaya ake haskaka soro irin wannan? Da rana ƙofa ce da ƴan ƙananan tagogi can sama, domin a ƙasar zafi haske mai yawa wuta ne. Da dare alkuki ne: ɗan rami a jikin bango, daidai ƙirjin mutum, a shafe cikinsa da farar ƙasa, a ajiye fitilar kasko da man gyaɗa ko man kaɗanya da lagwanin auduga. Bangon yana tare mata iska, yana kuma turo haskenta gaba zuwa inda mutane ke zaune. Malaman tafsiri sun fassara mishkat da ke cikin ayar haske da cewa rami ne a bango wanda bai ɓulle waje ba, kuma wannan alkukin kakanninmu ne sak. A tsakiyar tulluwa, inda bakuna suka haɗu, magini kan lika tasa ko faranti mai ƙyalli, wanda ke kama ɗan hasken da ya hau ya maido shi. Na riski ƙarshen wannan zamani. A garin da na yi karatu, fitilar ƙwai ta riga ta gaji ta kasko, amma a alkukin take zama. Akwai wata tsohuwa, Allah Ya jiƙanta, da ke aiko da kwalbar kananzir duk ranar Alhamis, ladan kuma shi ke goge ƙwan da toka kafin Magariba. Ba na tuna daren da muka rasa fitila.

Lantarki ya shiga masallacin Manzo a ƙarshen mulkin Sarki Abdulhamid na biyu, a zamanin da jirgin ƙasa na Hijaz ya iso Madina a 1908. Mu ya iso mu daga baya, tare da siminti da ƙarfe, da manyan ƙubbobi irin ta babban masallacin Yamai da aka gina a shekarun 1970. Ni'ima ce babba, ba mai musu. Sai dai ƙwan lantarki ba ya neman mai kullum, saboda haka aka ga ba a buƙatar igiya, aka manna shi a rufi. Da igiya ta tafi, mai kula da fitila ma ya tafi. Ƙurar hunturu ta lulluɓe ƙwan, ba mai tsanin da zai kai. Ɗaya ya mutu a bar shi, na biyu ya mutu a ce sai an samu masu ɗaura katako. Wani wurin kuma an sa ƙwan sama da fanka, fikafikanta suna yanka hasken, shafi yana rawa a idon mai karatu har kansa ya yi ciwo. Da aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya a watan Agusta na 2023, kun ga abin da ya faru: masallatai masu ƙwayaye barkatai suka koma sallar Isha'i da tocilar salula, sai wanda ke da gurup da kuɗin mansa, ko ɗan farantin hasken rana da batir.

Ƴan'uwanmu masu son surayya niyyarsu kyakkyawa ce, ɗakin Allah suke so su ƙawata, kuma ban ce haramun ne ba. Abin da na faɗa musu shi ne: kuɗin nan da sunan hasken masallaci aka karɓe shi, daga hannun ɗan kasuwa da mai kabu-kabu da mai tuyar ƙosai, amana ce a kashe shi inda aka ambata. Na roƙi a fara sauko da fitilu da sarƙa ko sandar ƙarfe zuwa kamar mita 3 daga ƙasa, ƙanana masu yawa a bisa sahu-sahu, nesa da fanka, yadda tsani na gida zai kai gare su. A sa wasu a jikin ginshiƙai da bango, gurbin alkuki. A shafe bangon da fari. A ware ƴan kaɗan a kan batir da hasken rana, layinsu dabam, don in an ɗauke wuta kada a rasa na mihrabi da na ƙofa. Ɓangaren mata, wanda na shiga na duba da kaina bayan an watse, ya fi ko'ina duhu, ƙwai ɗaya ne a can kuma ya dusashe. Wurin alwala da matakala su ma haka, alhali can tsofaffi ke zamewa. In kuɗi ya ragu bayan wannan, a yi shawarar surayya, da sharaɗin ta zo da sarƙarta.

Ku da ke wasu garuruwa, ku gwada masallatanku da kanku. Bayan Isha'i mutum ya ɗauki Alƙur'ani mai ƙananan baƙaƙe, ya zauna a kusurwar sahun ƙarshe, ya ga ko zai bambance fatha da damma ba tare da ya kusanto da shi fuska ba. In ya fi shekara 60 a duniya, shaidarsa ta fi ƙarfi.

Mu a nan kwamiti ya yarda a zauna ranar Juma'a bayan La'asar. Za a auna tsawon sarƙoƙin, kuma muna neman mutum ɗaya, ba kwamiti ba, wanda zai ɗauki goge fitilu da canza wanda ya mutu duk farkon wata, a yanka masa ɗan abin hasafi daga asusun masallaci. Wanda ke da niyya ya same ni ko ladan kafin ranar. Mai aikin lantarkin da ke salla tare da mu ya ce zai zo da tsaninsa.